Askin Ɗari Huɗu

Duk wanda ya saba bi ta layin da ke bayan tashar mota ya san shagon Mai Madubi, ko da bai taɓa zama a kujerarsa ba. Ɗan ƙaramin shago ne, taku huɗu a tsaye, taku uku a kwance, an matse shi tsakanin tela da mai gyaran waya. Kujerar aski ɗaya ce, sai bencin masu jiran layi, sai kanta inda yake jera kilifa biyu, almakashi, mataji, burushi da gwangwanin hoda. Sunan kuwa ya same shi ne tun shekarar da ya buɗe shagon, don shi ya fara kafa madubi mai cin rabin bango a layin, har mata masu kawo ɗinki wurin tela sukan leƙo su gyara ɗaurin ɗankwali. Yanzu ko matarsa, in ranta ya ɓaci, da wannan sunan take kiransa.

Shekara ashirin da shida ke nan yana riƙe da shagon. In ka gamu da shi a hanya za ka ce bai iya magana ba, amma da zarar ya ɗaura wa mutum ƙyalle a wuya sai bakinsa ya buɗe. Ya san kawunan unguwar ɗaya bayan ɗaya: mai tabo a ƙeya, wanda gashinsa ke kwantawa hagu, wanda sanƙo ya fara ci amma ba ya son a faɗa masa.

Ba gadon aski ya yi ba. Mahaifinsa ɗan dako ne a tashar, ya rasu ya bar shi yana ɗan shekara goma sha biyar, ba makaranta, ba sana'a. Aminin mahaifin, wani masinja a ofis wanda kowa ke kira Baba Masinja, shi ya kama hannunsa ya kai shi wurin mai yi masa aski, ya ce, “Ga ɗan ɗan'uwana, a koya masa.” Ranar da aka fara danƙa masa kilifa, ba wanda ya yarda ya ba shi kai. Baba Masinja ne ya cire hula ya zauna, ya ce, “Koyi a nan. Gashi ne, zai tsiro.” Ya tashi da kai kamar gonar da awaki suka shiga, ya yi mako biyu bai cire hula a ofis ba. Tun daga lokacin, duk Asabar ta biyu yana nan a kujerar, kuma bai taɓa yarda a yi masa kyauta ba. In Mai Madubi ya ce a bar shi, sai ya tura masa kuɗin a aljihu ya ce, “In ka fara yi wa na gida kyauta, duk layin nan na gida ne. Me za ka kai wa iyali?”

Shekara biyar cur askin manya a shagon ɗari biyu ne. A cikin shekarun nan ba abin da bai tashi ba. Man janareta ya tashi, reza ta tashi, mai shago ya ƙara haya sau biyu. Mai Madubi yakan tsaya tun safe har ƙafafunsa su kumbura, ya yi kai talatin, amma a gida nama ya daina shiga tukunya sai jefi-jefi. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: “Da wane baki zan gaya musu? Mutanen nan tare muka tsufa.”

Autarsu tana jami'a, tana karanta ilimin tattalin arziki. Da ta zo hutu, wata rana mai ya ƙare a janareta, wuta kuma ta yi halinta, ya dawo gida da sauran rana. Ta same shi a tsakar gida ya tsoma ƙafafu cikin robar ruwan ɗumi. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

“Baba, kai nawa kake yi a rana?”

“Talatin, in an bar mana wuta.”

“To ka mayar da askin ɗari huɗu.”

“Ke Auta, rufa mini asiri! Ninki biyu? Ai sai su watse su bar ni da ƙudaje.”

“Wasu za su tafi, wannan dole ne. Haka yake a kan komai. In kuɗin abu ya hau, masu saye su ragu, in ya sauka su ƙaru. Abin tambaya kawai, mutum nawa ne za su tafi.”

Ta ciro tsohuwar kalanda daga bango, ta juya bayanta, ta zana layi mai gangarowa daga sama. Ta ɗora biro a samansa ta ce nan tsada ce, mutane kaɗan. Ta gangaro ƙasa ta ce nan araha ce, mutane tuli. “Kai kana can ƙasa, Baba, kana kashe bayanka a banza.”

Ya karkata kai ya dubi zanen, ya ce, “Wannan ai goshin Tela kika zana.”

Matarsa ta tuntsire da dariya daga kicin. Auta ba ta bari an kawar da zancen ba. Ta ce ko rabi ne suka tafi bai yi asara ba, hutu ya samu. In kuwa waɗanda suka tafi ba su kai rabi ba, ya ci riba. “Kuma rabi ba za su tafi ba. Hannunka suke bi.”

“Shekara biyu ina gaya maka ba ka ji ba,” in ji matarsa, “yanzu da aka zana maka a bayan kalanda sai ka ji.”

Ya ji ɗin. Amma bakinsa ya kasa ɗaukar maganar, sai ya sa Auta ta rubuta masa a farar takarda da manyan baƙaƙe. Da sassafe, kafin tela ya buɗe, ya manna ta a kusurwar madubi yana waige-waige kamar mai ɗaukar abin da ba nasa ba.

Kwana biyun farko an yi ta gunaguni, ana biya. Ranar Asabar benci ya cika, sai ga Mahauci, mutum mai ƙiba da ƙaton murya, wanda shi kansa ba ya mako bai ƙara kuɗin nama ba. Aka gama masa, ya karanta takardar da ƙarfi don kowa ya ji.

“Ɗari huɗu? Kaina ne ya ƙara girma?”

“Naman da ka sayar mini shekaranjiya fa,” in ji Mai Madubi, “saniyar ce ta ƙara ƙafa?”

Benci ya ɗauki dariya. Mahauci ya ji zafin dariyar, ya ce, “To mu gani ko kowa za ka yi wa haka, ko sai wanda ka raina.”

Dariyar mutane ta hau wa Mai Madubi ka. Shi da bai iya faɗin kuɗin da bakinsa ba, sai ga shi yana kaɗa mataji a iska yana cewa, “Wallahi ko ubana ne ya dawo duniya ya zauna a kujerar nan, ɗari huɗu zai biya!”

Mahauci ya biya, amma bai tafi ba. Ya koma benci ya baje, wai yana jiran tela ya gama masa wando.

Ba a yi minti goma ba Baba Masinja ya yi sallama. Ya daɗe da yin ritaya, idonsa ya yi rauni, tafiyar ma sai a hankali. Masu layi suka ce a fara yi wa dattijo. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, Mai Madubi ya ɗaura masa ƙyalle, suka taɓa hirar da suka saba, ta ciwon ƙafar Inna, matar tsohon, da tsadar motar haya. Duk tsawon askin Mai Madubi yana jin idon Mahauci a bayansa. Da aka kakkaɓe masa wuya, tsohon ya miƙe ya miƙo ɗari biyunsa a ninke, kamar kullum.

Mahauci ya yi gyaran murya.

Abu ne mai sauƙi. Da ya karɓa ya jefa a aljihu bai warware ba, da magana ta ƙare. Da ya ce wa Mahauci, “Wannan ya fi ubana,” da an yi dariya an wuce wurin. Bai yi ko ɗaya ba. Ko hannu bai miƙa ba. Idonsa kawai ya ɗaga ya kai kan takardar.

Tsohon ya bi idon. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa madubi, ya karanta yana motsa leɓe.

“Af, ban lura ba, ɗana. Ka yi daidai, komai ya tashi.”

Ya laluba aljihun gaba, ya laluba na gefe, ya fito da 'yan canji a cukurkuɗe, ya haɗa ya cika. Mai Madubi ya buɗe hannu ya karɓa. Tsohon ya sa hula, ya yi wa kowa sallama. Ta cikin madubin Mai Madubi ya hango shi ya isa inda ake tsayar da motar haya, ya ɗan dakata, sannan ya wuce a ƙafa cikin rana.

Ranar ya kasa cin abinci. Matarsa ta tambaya, ya ce ciki ne. A ransa ya ce nan da mako biyu in tsohon ya zo zai mayar masa da kuɗin a aljihu ba wanda ya gani. Mako biyu ya cika, Baba Masinja bai zo ba. Wata ya cika, shiru.

Maganar Auta kuwa ta fito daidai, har abin ya ba shi tsoro. Kai talatin ya koma goma sha tara, wata rana ashirin, amma abin da yake kaiwa gida ya fi na da. Kumburin ƙafa ya sauka. Ya sayi fanka ta bango, ya sake wa kujera fata, nama ya dawo tukunya. Har wasu sababbin fuskoki suka fara zuwa, ma'aikata masu ɗaure wuya, waɗanda da ba sa iya jiran dogon layi.

Sai dai waɗanda suka ragu ɗin ba ƙaura suka yi ba, suna nan a layin, kullum sai ya gan su. Kafinta mai 'ya'ya maza uku ya sayi tsohuwar kilifa yana yi musu da kansa, yaran suna wucewa makaranta da kawuna hawa-hawa kamar matakalar bene. Maigadin kantin magani ya bar suma ta taru, ya koma tura hula har kunne. Cikin waɗanda suka tsaya ma, mai zuwa duk mako biyu ya koma sau ɗaya a wata. Mutanen da ya yi shekara ashirin yana riƙe kawunansu a hannu suka koma ɗaga masa hannu daga tsallaken titi, shi kuma ya sunkuya kan wanda yake yi wa aski kamar ya ga wani abu a ƙeyarsa.

Da kunya ta rasa inda za ta fita, sai ta koma baƙar magana. Wata rana ba kowa a shago, yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce wa Tela, “Dama waɗancan ba masu son aikina ba ne, 'yan neman banza ne. Ɗari biyu kawai ta raba mu.”

Tela bai ɗago daga keken ɗinkinsa ba, ya ce, “Har Baba Masinja?”

Mai Madubi ya koma ciki ya kunna kilifa, ya yi ta goge ta da burushi, alhali a wanke take.

A gida matarsa ta ce, “Kwana biyu ban ji ka ambaci Baba ba.” Ya ce lafiyarsa lau. Gidan tsohon tafiyar minti ashirin ce daga shagon, amma Mai Madubi ya canza hanyar da yake bi in zai je sayen reza, don kada ya bi ta ƙofar.

Wata biyar ana haka. Sai babbar kilifarsa ta fara cizon gashi, ya ɗauke ta ya kai wa mai gyara a bayan kasuwa. Yana tsaye ana kwance ta, ya waiga. A inuwar wata katanga wani mutum yana aski da reza, ba kujera, ba ƙyalle, sai bokiti a kife da gwangwanin ruwan sabulu, an rubuta ɗari da gawayi a jikin bango. A kan bokitin Baba Masinja ne zaune, ya dafe gwiwoyi, an aske rabin kansa, ɗaya rabin duk kumfa, ga ɗan jini a bayan kunne inda rezar ta taɓa shi.

Mai Madubi ya so ya juya, amma tsohon ya riga ya gan shi. Abin da ya biyo baya shi ne abin da har yau in ya tuna yakan ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tsohon ne ya ji kunya. Ya wawuri hularsa ya kifa a kan kumfar, ya yunƙura zai tashi, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

“Ɗana, wallahi ba raina hannunka na yi ba. Hanya ce ta biyo da ni.”

Mai Madubi ya durƙusa. Ya ce, “Ina wuni, Baba. Ya jikin Inna?”

“Da sauƙi, da sauƙi. Ya yaran? Ya 'yar makaranta?”

Mai rezar, wanda bai san komai ba, ya ce, “Baba, cire hular mu ƙarasa, akwai mai jira. Ɗanka ne wannan? To yau shi zai biya ke nan.”

Mai Madubi bai san yadda ya bar wurin ba. Sai da ya isa shago ya tuna ya baro kilifar a hannun mai gyara, a kwance.

Washegari bai buɗe shago ba. Ya zuba ƙaramar kilifa da almakashi da ƙyalle a jaka, ya kama hanyar da ya yi wata biyar yana kauce wa. Ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda. Tsohon yana zaune a kan tabarma da rediyo a gefensa, ta ƙofar kuma ana hango Inna a kwance, kwalayen magani jere a bakin taga. Suka gaisa, gaisuwar ta ƙare. Mai Madubi yana ta murza hannun jakar.

“Baba, gafara na zo nema.”

“Ta me? Wani abu ka sata?”

“Ranar nan a shago...”

“Ranar nan ka rubuta kuɗin aikinka, na karanta, na biya. Ina laifin?”

“Bai kamata in karɓa ba. Daga yau ni zan riƙa zuwa har gida ina yi maka, ba ko sisi.”

Fuskar tsohon ta canza. Ya rage muryar rediyo.

“Shekara talatin ina biyanka don kada ka saba da aikin kyauta. Yanzu da na tsufa ni za ka koya wa karɓa? Mayar da jakarka.”

“To ka biya yadda ka saba.”

“Ni kaɗai? A ɓoye? Bayan ka rantse a gaban mutane? Ai labari ya zo mini. A'a.” Ya sassauta murya. “Ka ji yadda abin yake, ɗana. Maganin Innarka ya ninka uku. Na je na yi tsaki na saya, don in ban saya ba, ba mai barci a ɗakin nan. Gawayi ya tashi, na saya, dole a ɗora tukunya. Da aski ya tashi sai na duba, na ga suma ba ta taɓa kai kowa asibiti ba, kuma ga mai yi a ɗari. Shi ke nan fa. Ba fushi a ciki.”

Da zaginsa ya yi, da Mai Madubi ya fi samun sauƙi. Yana neman abin faɗa sai muryar Inna ta fito daga ɗaki, a raunane amma sarai.

“Ƙarya yake yi maka. Ranar da ya dawo a ƙafa ko ruwa bai sha ba, ya juya wa bango fuska har la'asar.”

“Ke, wa ya sa da ke?” in ji tsohon. Ya ƙara muryar rediyo.

Mai Madubi ya tashi da jakarsa ko zip bai zuge ba.

A hanya ya kira Auta, wadda ta daɗe da komawa makaranta. Ta ɗauka da murna tana tambayar kasuwa.

“Lissafinki ya fita,” ya ce. “Goma sha ɗaya suka tafi.”

“Ka gani ko, Baba? Ban ce maka ba za su kai rabi ba?”

“Kin san su waye?” Ya fara jero mata su. Kafinta da 'ya'yansa, Maigadi, mai faci, tsohon direban nan mai tari. Da ya zo kan Baba Masinja ya gaya mata komai, har idon da ya ɗaga, har bokitin. Shi ne karo na farko da ya faɗa wa wani.

Can ta ce, “Ban yi tunanin Kaka ba, wallahi.” Haka take kiran tsohon tun tana ƙarama. “Amma Baba, in ka koma ɗari biyu ba za ka iya riƙe shagon ba.”

Ya san gaskiya ta faɗa, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ya kwana biyu yana juya abin. A rana ta uku, Talata ce, yana zaune a bencinsa shi kaɗai tun safe har kusan azahar, mai na ƙonewa a janareta, kujera ba kowa, sai dabara ta faɗo masa. Ya sake kiran Auta ya ce Talata da Laraba da safe ba abin da yake yi sai hamma. In ya mayar da askin waɗannan safiyoyi ɗari biyu, ga kowa da kowa, ba don tausayin wani ba fa?

“Wannan ma akwai shi a littafinmu,” ta ce, “har suna gare shi.”

“Bar shi a littafin.”

Wannan karon da hannunsa ya rubuta, da karkataccen rubutunsa, ya manna a ƙasan ta farko.

Mutum na farko da ya fara zuwa cin arahar Mahauci ne. Tun kafin a gama share shago yana bakin ƙofa. Tela ya leƙo ya ce, “Kai da ke yanka sa biyu a rana?” Mahauci ya ce, “In an rage kuɗi wa zai ƙi? Ni ma in na karya farashi da yamma har masu mota ke tsayawa.” Wasu biyu-uku cikin masu biyan ɗari huɗu su ma suka koma Talata, Mai Madubi ya haɗiye wannan. Maigadi ya dawo, aka kwashe masa suma cike da ƙyalle. Mai faci ya dawo, tsohon direba ya dawo. Kafinta bai dawo ba, ya riga ya sayi kilifa, hannunsa ma ya fara faɗawa. Wasu kuma sun saba da wani wurin, suka ci gaba da ɗaga hannu daga tsallake.

Baba Masinja sai a mako na uku ya zo. Aka ce ya shiga gaba, ya ƙi, ya zauna a ƙarshen benci har layi ya zo kansa. Ya karanta sabuwar takardar, ya zauna a kujera. Aka yi aski, ya biya ɗari biyu. Daga nan ya ci gaba da zuwa duk Talata ta biyu. Hira ta dawo, amma ba duka ba. Da can tsohon yakan yi masa faɗa in ya ga ya rage gefe da yawa, ya ce har yanzu bai gama koyo ba. Yanzu kuwa kome aka yi masa sai ya ce ya yi kyau, ya gode. Wannan godiyar tana damun Mai Madubi fiye da faɗan, amma bai san yadda ake roƙon mutum ya dawo da faɗa ba.

Bayan shekara guda jikin Inna ya ƙara rauni, babban ɗansu da ke aiki a wani gari ya ce su koma wurinsa. An riga an tafi da Inna a motar ɗan. Tsohon ya tsaya ya miƙa makullin ɗaki, sannan ya biyo ta shagon da jakarsa a hannu, zai hau motar tasha. Ranar Asabar ce, benci a cike. Aka ba shi kujera, wannan karon bai yi musu ba don mota ba ta jira.

Mai Madubi ya yi askin a hankali, ya bi bayan kunne da gefen wuya kamar ba mai jira. Da ya kwance ƙyallen, tsohon ya miƙo kuɗi, sababbi, ba a cukurkuɗe ba. Da gani tun daga gida ya ware su. Ɗari huɗu ne.

“Baba, don Allah...”

“Yau Asabar ce. Idona ya mutu amma na san kwanaki. Karɓi.”

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ce wa masu jira su yi haƙuri, ya ɗauki jakar tsohon ya raka shi tasha. Ya samo masa wurin zama kusa da taga, ya ɗora jakar a ƙarƙashin kujera, ya tsaya a waje har motar ta cika. Maganar da ya shirya a hanya ba ta fito ba. Tsohon ne ya leƙo ya ce ya gaida mai ɗakinsa, ya ce wa 'yar makaranta ta dage, ya kuma daina tsayuwa da yawa saboda ƙafa. Mai Madubi ya ce to, a gaida Inna, Allah ya kai lafiya.

Da ya dawo, mutum biyu sun gaji sun tafi, uku suna nan. Ya wanke hannu, ya kakkaɓe kujera, ya ce, “Wa ke gaba?”